Wushiryar da Na Kai Masar

Daga Dawakin Tofa har ka dangana da inda ƙasar Kano ta ƙare, in ka samo mai haƙori irin nawa, ka zo in ba ka gonata ta bakin rafi. Shekara da shekaru ina faɗin haka a majalisa, ba wanda ya taɓa zuwa karɓar gonar. Ni ne Malam Habu, mai koyar da Larabci a Islamiyyar ƙauyenmu. Amma in ka shigo garin kana cigiyar Malam Habu sai a tsaya ana tunani. Ka ce Mai Wushirya, har zaure za a raka ka.

Da haƙoran nan na buɗe kwalaben lemon da suka gagari mabuɗi. Ƙwallon goriba da wasu ke nema wa dutse, ni turmina nake ɗora masa, a ji ƙarar a maƙwabta a ce Malam ya karya kumallo. Ranar suna kuwa, in an gama cin nama, gabana ake tara ƙasusuwa, karnukan unguwa suna daga nesa suna yi min kallon baƙin ciki.

Sai ita wushiryar. Tun ina yaro Allah Ya tsaga min ita a tsakanin haƙoran gaba, 'yar siririya, daidai misali. Abin da ya ba ni sha'awa, da na haura arba'in sai ta soma faɗi. Duk sallar da na duba madubi sai in ga ta ƙaru. Tsararrakina suna tsufa suna yamutsewa, ni ina tsufa kyau yana daɗuwa. Har na taɓa ce wa maiɗakina Lami ta riƙa gode wa Allah, wushirya ɗaya ta aura ga shi kullum ana yi mata gyara. Ta ce in matsa mata za ta kwashe tuwo.

To da wannan bakin na tafi Masar, shekarar da aka zaɓe mu zuwa kwas ɗin ƙaro sanin koyar da Larabci. Abokin tafiyata Malam Sabi'u ne, mutumin Gezawa, dogo, siriri, wanda in ya yi maka magana da safe to ka haƙura sai gobe.

Zangon farko shi ne wani filin jirgi da muka sauka domin canjin jirgi. Guzurina goro ne, ɗan huhu guda, fari da ja, an naɗe shi da ganye an yayyafa masa ruwa. Ni mutum ne da tun daga sallar asuba har in kwanta bakina ba ya rabo da goro. Muna zaune na kwance huhun zan ɓantara, sai ga wani mutum cikin shadda mai maiƙo, Hausa a bakinsa kamar a tsakiyar kasuwar Kurmi aka yanke masa cibiya. Ya yi sallama ya zauna. Na yi masa murmushi.

Ya ce, "Masha Allah! Alhaji, wannan wushirya ai ta manya ce."

Nan take na san mutumin kirki ne.

Sai idonsa ya faɗa kan huhun, ya dafe ƙirji. "Goro? Masar za ku shiga da goro? Inna lillahi! Kare suke sawa ya shinshina, a ce ƙwaya ce. Kwanan baya wani dattijo daga filin jirgi sai gidan yari. Kawo, Alhaji, ni ɗan hanya ne, ina da mutane a can. Mu haɗu a wajen ɗaukar kaya."

Malam Sabi'u ya ce, "Malam Habu, a'a."

Na ce, "Kai dai mutanen Gezawa ba ku san mutum ba."

Na miƙa huhun. Har yau ina jiran haɗuwarmu a wajen ɗaukar kaya. Ko jirgin bai shiga ba. Da muka sauka Alƙahira kuwa, wata Hajiya da ke gabana ta wuce da nata goron a cikin kwando, a buɗe, jami'in har da ce mata barka da zuwa. Malam Sabi'u ya yi min wani irin kallo. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Zango na biyu mota ce. Na gyara murya na zuba wa direban tasi Larabcin littafi, da wasulla cikakku, irin wanda nake razana ɗalibaina da shi. Ya saurara har na kai aya, sannan ya shafa fuska ya ce, "Sadaƙallahul azim." Daga nan ya yi ta zagaye da mu a gari. Wata gada da ke kan kogin Nilu, mun bi ta kanta har na soma gaishe ta.

Masaukinmu ɗaki ne a can ƙololuwar bene, inda in ka leƙa ƙasa sai ka ga mutane kamar an zubar da gero. Sanyi kuwa, ban san akwai irinsa a wajen firji ba. Abinci wake da gurasa. Da safe wake da gurasa, da rana gurasa da wake. Waken ma an dama shi kamar za a yi ƙosai aka fasa. Rashin goro ya sa kaina ya riƙa sarawa, ina gyangyaɗi a aji, malami yana bayanin yadda ake hana ɗalibi barci. Wata rana kewa ta ishe ni, na kira Lami na ce ta kai wayar bakin tukunya in ji tafasar miyar kuka. Ta kai. Na saurara har idona ya kawo ruwa. Sai na ji ta ce, "Malam, ka gama? Ruwan wanka ne fa."

Mai gadin gidan, wani tsoho mai faffaɗar riga, shi ya lura ina ramewa. Duk fitowar da zan yi sai ya miƙo min shayi a ɗan kofin gilashi, sukari ya kai rabinsa. Ba na jin Larabcinsa, ba ya jin nawa, amma mun yi hira mai yawa. Allah Ya saka masa da alheri.

Abin ya fara ne wata safiya. Ina asuwaki kafin alwala, na tofar a cikin farin kwanon wanke hannu, sai na ga ja. Na ce goro ne. Na kai hannu zan buɗe famfo, sai na tuna rabona da goro tun hannun mai shadda. Na sake gogawa, na sake tofarwa. Ja wur.

A gida bayan zaure nake asuwaki, in tofar a ƙasa. Bakin kullum ja, asuwakin kullum ja, ƙasar ma ja. Wa zai tsaya bincike? Saboda haka na yanke hukunci nan take cewa Masar ce. Na ce wa Malam Sabi'u gurasarsu da ƙusa ake kwaɓa ta. Ya ce shi ma ita yake ci.

Da na bar abin a nan da wataƙila na dawo da mutuncina. Sai ranar da muka fita da 'yan ajinmu, mutanen ƙasashe daban-daban, muka iske shagon da ake matse rake da inji ana sayar da ruwan a kofi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ku dubi mutanen da Allah bai ba haƙori ba, sai inji ya tauna musu! Na sa aka miƙo min sanda guda. Na ce a matsa, a ga yadda ake yi a Kano. Suka kewaye ni, wasu har sun ɗaga waya. Na kafa haƙoran gaba a ɓawon, na fizga.

Raken bai motsa ba. Haƙorin ne ya motsa.

Na gaba na hagu, ɗaya daga cikin ginshiƙan wushirya, ya yi gaba ya dawo kamar ƙofar langa-langa. Na mayar da raken na ce bai nuna ba. Washegari leɓena ya riga ni shiga aji.

A nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Wushirya fa ɗaki ce mai ginshiƙi biyu. In ɗaya ya faɗi ta tashi daga wushirya ta koma giɓi. Mai Wushirya suna ne. Mai Giɓi kuwa, a majalisarmu, har jikokina sai sun gaji abin. Na danna kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri, na yi tofi, na kwana rabin zaune. Da safe in taɓa shi da harshe, ya amsa min da rawa.

Malam Sabi'u ne ya yi ta cigiya a masallacin da 'yan ƙasarmu ke taruwa ranar Juma'a, har aka haɗa shi da Dokta Hauwa, 'yar unguwar Bacirawa a Kano, likitar haƙori da ta zo ƙaro karatu a kan ciwon dasashi a wani asibitin koyarwa. Ya ja ni muka je.

Mace ce mai natsuwa, ba ta fi ni shekaru ba, ba ta kuma yi ƙasa da ni sosai ba. Da na ji "Sannu da zuwa, Malam, ya gida?" cikin Kananci tsantsa, saura kaɗan in rungume kujerar. Ta kwantar da ni ta haska fitila. Na ce kafin ta fara, in tana son ɗaukar hoton wushiryar domin ɗalibai, na yafe.

Ta ɗauki hoton, amma na ƙashi. Ta bi gindin haƙoran da wani siririn ƙarfe tana aunawa. Ta kawo wasu 'yan tsinkayen takarda ta soka a tsakanin haƙori da dasashi, ta bar su suka tsotsi ruwan wurin, ta zare ta adana a kwalba kamar zinariya.

Ta ce, "Malam, tun yaushe wushiryar take faɗi?"

Na ce, "Tun da na haura arba'in. Baiwa ce, Dokta."

Ta juyo da hoton inda zan gani. "Ba faɗi take ba, Malam. Haƙoran ne ke ƙaura. Ƙashin da ya riƙe su ne ya zaizaye. Wannan aikin ya yi shekaru, ba Masar ce ta fara shi ba."

Na ce, "Ƙashina? Wa ya ci?"

"Kuna noma a garinku?"

"Har da na rani."

"In akuya ta shiga gona me ake yi?"

Ai sai na tashi zaune. Na ce ta tambayi gwani. Na ba ta labarin shekarar da akuyar maƙwabta ta faɗa gonar wakena, na hau kan jiɓa na kwarara ihu cewa garken shanu ya cinye ni. Muryata ta tara mutane har daga ƙauyukan da ba mu taɓa gaisawa ba, da sanduna, da fartanya, har da mai bindigar toka. Akuyar da ta ga taron, a guje ta bar ƙaramar hukumar.

Ta ce, "Waken fa?"

Na ce, "Waken dai... ƙafa ta yi masa yawa."

Ta ajiye ƙarfen hannunta. "To ka gama yi wa kanka bayani. Ka ga wannan dattin da ya daskare a gindin haƙoranka kamar siminti? Ƙwayoyin cuta ne suka yi gari a ciki. Asuwaki yana da kyau, amma yadda kake yinsa fuska kawai kake wankewa, ba ka shiga lungu. Ƙwayoyin cutar nan su ne akuyar. Da naman dasashi ya ji su, sai ya saki wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai. Mu saitokin muke ce musu, kai ka ce 'yan aike. Ba sa faɗa, labari kawai suke kaiwa. Wannan ya je ya ce wa hanyoyin jini su buɗe, shi ya sa dasashi ke kumbura ya yi ja, ana taɓawa sai jini. Wancan ya je ya kirawo sojojin da ke cikin jini. 'Yan aiken nan nake nema a takardun nan da na tsoma."

Ta faɗi sunayensu, su intalukin da wani mai haruffa uku, sunaye kamar na jiragen yaƙi.

Na ce, "To ai sun kyauta. Aikinsu suke."

"Da farko sun kyauta. In an kori akuyar, akwai wasu 'yan aiken da ke zagayawa su ce a koma gida, magana ta ƙare. Amma taka akuyar ba ta taɓa fita ba, tana cikin simintin nan. Saboda haka ihu bai tsaya ba. Sojoji suna ta zuwa, suna zubar da abin da ke narka zaren da ya ɗaure haƙori a mazauninsa. In abin ya daɗe, sai 'yan aiken su je su taso wasu ma'aikatan jiki da aikinsu rushe tsohon ƙashi ne, su yi ta rushewa fiye da yadda ake ginawa. Abin da ƙwayoyin cutar suka ci da bakinsu kaɗan ne, Malam. Masu kawo agaji ne suka tattake gonar."



Ta ce, "Kuma jiki iri-iri ne. Wani 'yan aikensa masu sanyi ne. Wani kuwa nasa abu kaɗan za su gani su zuzuta."

Sai na ji wani sauti daga bayana kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Na waiga. Malam Sabi'u ne. Tun da muka baro gida ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Har sai da aka ba shi ruwa.

Ta tambaye ni sigari, na ce ban taɓa ba. Ta sa aka auna min suga, aka ga ya fara leƙo kai. Ta ce suga in ya hau tamkar an miƙa wa 'yan aiken nan lasifika ne, in rage shayin tsohon mai gadi. Na ba ta labarin mai shadda domin ta taya ni tsine masa. Sai ta ce goro labule ya zame min, da ina tare da shi da har yanzu ban ga jinin ba, sai dai wata rana in tsinci haƙoran a cikin tuwo. Wai ɓarawon ya yi min aikin likita. Ban yafe masa ba, amma na rage yawan addu'ar.

Na ce, "Dokta, bar zancen sauran. Na hagun nan. Zai zauna?"

Ta daɗe tana kallon hoton. "Ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Zan kankare simintin har ƙasa, in ɗaure haƙoran gaba da siririyar waya ta baya su jingina da juna. In ihun ya lafa za mu ga abin da ya rage. Ban yi maka alkawari ba."

Zango na gaba kujerar kankara ce. Na hau ta ba sau ɗaya ba. Abin da aka fitar daga bakina, da an tara shi da an yi wa masallacinmu daɓe. Aka ba ni buroshi mai laushi, da wani ɗan ƙarami mai shiga lungu, da zare na sakatar tsakanin haƙora, aka nuna min yadda zan riƙa kai asuwakin har gindi. Malam Sabi'u ya zama ɗan doka. In tsoho ya miƙo shayi, shi yake karɓa ya shanye a gabana, wai taimakona yake.

Ni kuma na ƙara da nawa maganin. Na yi tunani na ce, tunda 'yan aiken nan a gidana suka tashi, wataƙila a wajena suka koya. Saboda haka na daina ƙari a magana, ko za su yi koyi. In an tambaye ni sanyi, sai in ce akwai shi daidai gwargwado. In an tambaye ni girman gonata, sai in faɗi gaskiya. Ban taɓa shan wahala irin ta makonnin nan ba. Lami ma da muka yi waya cewa ta yi, "Malam, lafiya? Ko wani ne ya riƙe wayar?"

Ranar da muka koma, Dokta ta sake tsoma takardunta, ta sake aunawa. Dasashi ya saɓe, jan ya tafi, jini ya tsaya. Ta ce ihun ya lafa ƙwarai, turamen sun tsira, na gaba na dama ya kama ƙasa. Ina ta hamdala. Sannan ta taɓa na hagun da ƙarfenta, ta cire tabarau.

"Wannan ba abin da ya riƙe shi sai wayata, Malam. Ga ruwa yana taruwa a gindinsa. In na bar shi zai sake tayar da ihun, ya ja maƙwabcinsa su tafi tare."

Na roƙa. Na ce ta ƙara waya, ta sa siminti na gaske, ta kira manyanta. Na ce mata sunana a jikinsa yake. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na sani. Amma ɗaya za ka bayar ko biyu?"

Na so a ce ƙarti aka tara suka danne ni, aka kawo ƙarfen janyo mota. Wallahi ko yatsunta ba ta gama matsewa ba ya biyo ta. Haƙorin da ya yi shekaru yana fasa min rake, ko sallama bai yi ba. Ta naɗe min shi a auduga. Na riƙe shi a tafin hannu, dogo, fari, lafiyarsa ƙalau, ba tsutsa ba huji. Ƙasar da yake tsaye a kai ce ta tafi. Muka koma masauki.

Da la'asar sai na ji ƙanshin da na sani. Ashe Malam Sabi'u ya bi gidajen 'yan ƙasarmu ya roƙo garin kuka da daddawa, ya tuƙa wani tuwo mai laushi a 'yar tukunyar shayi. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ci. Ba ya buƙatar haƙori." Rabinsa gudaji ne. Ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba.

Kwas ya ƙare kafin wurin ya gama warkewa. Dokta ta ce in na isa Kano in je a sa min na roba, in kuma riƙa zuwa kankara a kai a kai, domin akuya ba ta mantuwa da hanyar gona.

Na shigo garinmu da rawani har hanci, na ce al'adar malaman can ce. A majalisa na ba da labari yadda ya kamata. Na ce likitocin Masar sun taru a kaina, sun auna, sun ce tunda suke ba su taɓa ganin jiki mai zafin sojoji irin nawa ba, sojojin da in sun rasa abokin gaba sai su juya su ci ƙashi. Aka yi ta salati. Ban sauke rawanin ba.

A cikin gida kuwa ba rawanin da ke aiki. Lami ta ajiye min kwano ta zauna a gabana.

Ta ce, "Sauke in gani."

Na sauke. Na yi murmushi, tunda ba yadda zan yi. Ta leƙa, ta karkata kai ta sake leƙawa. Na yi maza na fara bayani, na kawo mata 'yan aike, da sojoji, da ma'aikatan rushe ƙashi, na nuna mata cewa abin nan jarumta ce ta yi yawa.

Ta ce, "Tsaya, Malam. Su 'yan aiken, akuya suka gani suka ce shanu?"

Na ce, "Kusan haka."

"Kuma aka fito?"

"Aka fito, har da na ƙauyuka."

Ta buɗe min kwanon, ta tura shi gabana.

"Ikon Allah. Tun shekarar waken nan, duk garin nan ba wanda ya ƙara fitowa in ka yi ihu. Ashe dasashinka ne kaɗai bai daina gaskata ka ba."